Mai Zare, Likitan Jijiya

Kafin ƙarfe bakwai na safe yake shigowa asibiti, ta ƙaramar ƙofar baya wadda masu shara da masu wanki ke bi. 'Yar jaka ce a kafaɗarsa, da tafiyar mutumin da bayansa ke yi masa magana amma ba ya so a sani. Yakan tsaya wurin mai gadi su gaisa. Wasu kan ce ina gajiya, shi kuwa gaisuwarsa ita ce, "Ina ƙafa?" Daga nan sai ya bi doguwar barandar da ta wuce ɗakin magani, ta wuce wurin ɗibar jini, har ƙarshenta, inda akwai wata ƙofa mai nauyi da jar fitila a samanta.

Bayan ƙofar nan ya yi shekara talatin da ɗaya, har zuwa watan jiya da ya ajiye aiki. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga ko ɗaya. A tsakiya akwai siririn gado, na'urar ɗaukar hoto ta sunkuyo a kansa, alluna huɗu kuma suna rataye a gefe. Yakan wanke hannu har gwiwa, a hankali, kamar ba abin da ke jiransa. Sannan a taimaka masa ya saka rigar dalma, wadda ke kare jiki daga hasken na'urar. Na taɓa ɗaga ta, nauyinta ya kai na jaririn da ya fara zama. Sai a rage fitilu, allunan su farka da haskensu mai toka-toka. Daga nan har la'asar da wuya muryarsa ta wuce raɗa.

Ma'aikata suna kiransa Mai Zare. Shi ba ya farke mutum. Ɗan ƙaramin huji yake yi, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya zura wata waya siririya kamar zaren ɗinki cikin jijiyar jini, ya bi ta da ita yana kallon allo har ya isa inda matsalar take. In hanya ta toshe ya buɗe ta. In jini na tsiyaya ya toshe wurin. In jijiya ta lalace ya rufe ta daga ciki. Mutum yakan tashi da ɗan filasta, ya tafi gida, bayan shekara ma ya manta ta wace ƙafa aka shiga. Wanda bai bar maka tabo ba, da wuya ka riƙa tuna shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ta dalilin mahaifina na san shi. Baba mai aski ne, shekara arba'in yana tsaye a bayan kujera. Jijiyoyin ƙafarsa ta hagu suka kumbura suka nannaɗe kamar igiyar da aka jefar, daga baya fatar saman idon sawu ta yi duhu, ta buɗe. Gyambon nan ya shekara shida. Ba man shafawar da ba mu saya ba, ba wankin ciwon da ba mu je ba. Ya rufe wata ɗaya, ya sake buɗewa ya fi na da. Baba ya ajiye 'yar kujera a shago yana ɗora gwiwa a kai in yana aiki. Yakan bar ƙofa a buɗe ko da ana ruwa, saboda warin. Mutanen da suka shekara ashirin suna aski a wurinsa suka fara janye jiki, kowa da uzurinsa. Abin da ya fi cin ran Umma shi ne ya daina ɗaukar jikokinsa a cinya. In sun rugo sai ya tare su da hannu, ya ce yana sauri.

Wata rana wani likita ya ce mana in ciwon ya kai ƙashi, sai dai a fara maganar yankewa. Da muka shiga mota, Baba ya juyo. Ya ce da ni da Yayana, "Da ƙafa biyu na zo duniya, da biyu zan koma. Kada wanda ya sake kawo ni nan."

Nas ɗin da ke wanke masa ciwon ce ta ja ni gefe ta ce, "Ku kai shi ƙarshen baranda. Ku ce Mai Zare kuke nema." Sati uku muka yi muna lallashi. A ƙarshe Umma ce ta ce ba za ta sake yi masa magana ba sai ya je, ta kuma riƙe alkawarin na yini ɗaya da rabi. Da ya ga da gaske take, ya nemi hularsa.

Ba zan manta abin da likitan ya fara yi ba. Ya sauko daga kujerarsa ya durƙusa a ƙasa, ya kwance bandejin da hannunsa. Ni da nake 'yarsa nakan kau da kai in an buɗe. Shi fuskarsa ko gezau. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Baba ya miƙe tsaye. Ya shafa masa wani mai mai sanyi tun daga cinya, ya riƙa bin ƙafar da kan na'ura yana duban allo.

"Baba, ciwonka ba a nan yake ba."

"Likita, shekara shida ina kallonsa a nan."

"Nan ne ruwan ke ɗiga. Rufin kuwa a can sama ya huje." Ya nuna cinyar. "Jijiyar da ke mayar da jini sama tana da 'yan ƙofofi, jini ya wuce su rufe kada ya dawo. Naka tsayuwa ta cinye su. Jinin yana gangarowa ya taru a ƙasa, fata kuwa ta gaji da riƙewa. Zan rufe wannan jijiyar daga ciki."

Baba ya dube shi da idon rashin yarda. "In ka rufe hanya, ina jinin zai bi?"

"Ranar da aka rufe titin gaban shagonka, masu son aski sun fasa zuwa?"

"Sai su zagayo ta lungu."

"To, ƙafarka ta fi unguwarku lunguna."

Rabon da in ji dariyar Baba irin ta ranar, har na manta.

Ran aikin an bar ni na zauna a wajen kansa, domin mutumin da ya shekara arba'in yana ɗora reza a maƙogwaron maza, allura yake tsoro. Ba a sa shi barci ba, ƙafar kawai aka kashe wa zafi. Da fitilu suka dusashe, likitan ya ce masa a hankali, "Baba, in ta warke, ina za ka fara kai ta?"

Baba ya lumshe ido. Can ya fara magana da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce akwai wani rafi a inda suka taso, ruwansa garau, kana ganin yatsunka a ƙasa. Shi da ƙanensa, wanda ya rasu tun ba a haife mu ba, sukan shiga har gwiwa su tsaya cak, ƙananan kifaye su zo suna taɓa musu sawu. Wanda ya fara motsi shi ya faɗi. Ya ce kullum ƙanen ne ke cinye shi, don shi ba ya jure cakulkuli. Ina sauraro ina kallon allo. Cikin ƙafar ubana ya bayyana kamar gajimare yana motsi, ga wani ɗan ɗigo mai haske yana tafiya sannu-sannu a tsakiyarsa. Likitan yana cewa, "Uhm, sai kuma me?" idonsa bai bar allon ba. Na rasa inda nake, ɗakin asibiti ko bakin rafin. Shekarata talatin da shida a lokacin, ban taɓa jin labarin wannan baffan nawa ba sai a ɗakin nan.

Ba a cika awa ɗaya ba aka gama. Baba ya sauko da ƙafarsa, aka sa masa doguwar safa mai matsi. Da likitan ya cire hular aiki, Baba ya ƙura wa kansa ido.

"Likita, don Allah wa ke yi maka aski?"

"Uwargidana."

"Allah ya saka mata da alheri. Amma ka zo shago."

Ya kuwa je, har yau can yake aski. Gyambon da ya kai tafin hannu ya riƙa tsukewa, ya koma kamar farcen babban yatsa, cikin wata na huɗu ya zama tabo. Yayana ya ɗauki Baba a mota, tafiyar yini guda, suka nemo rafin. Yaya ya ce ruwan ya ragu ƙwarai, da ƙyar ya rufe idon sawu. Baba ya naɗe wando ya shiga, ya tsaya cak, ya daɗe. Yaya bai kira shi ba.

Likita, kai ne ka durƙusa a gaban ƙafar da masu ita ma ke kau da kai. Kai ne ka mayar wa tsoho jikokinsa kan cinya. Ranar ba ka san ka yi wani abin a zo a gani ba, domin mutum biyar ke jiranka a waje.

Wadda ta fi kowa saninsa a wurin aiki ita ce babbar nas ɗin ɗakin, da suke kira Uwar Ɗaki. Shekara ashirin da huɗu tana tsaye a damansa tana miƙa masa kaya. Ita ta ba ni labarin wata mai jego.

Malamar makaranta ce, ta haihu da hantsi, haihuwar fari bayan shekara tara da aure. Jaririya lafiya lau, amma jini ya ƙi tsayawa. An yi duk abin da aka saba yi, an ƙara mata jini leda bayan leda, yana shiga yana fita. Likitocin tiyata suka yanke shawarar cire mahaifar don a ceci ranta, mijin ya sa hannu yana kuka. Sai wata daga cikinsu ta ce a kira Mai Zare tukuna. Uwar Ɗaki ta ce loma biyu ya yi a abincin rana aka kira shi, ya bar cokalin a tsaye cikin kwano.

Ya duba matar, ya ce da babban likitan tiyatar, "Ba ni minti arba'in. Ka tsaya a bakin ƙofa da shirinka. In na gaza, ba zan riƙe ta ko minti ɗaya ba."

Ya shiga ta matsematsinta, ya bi jijiya da zarensa. Sannan ya tura wani ruwa da ke sa jijiyoyi su fito a hoto. Uwar Ɗaki ta ce sau dubu ta ga wannan abin amma har yau yakan tsayar mata da numfashi: allo fayau ba komai, sai bishiya ta tsiro a kai cikin ƙiftawar ido, rassa da 'ya'yan rassa, ta yi ɗan jim ta ɓace. A jikin reshe ɗaya wani baƙin hayaƙi yana fita yana bazuwa. Nan ne jinin ke zuba. Kafin a kai wurin sai an bi wata lanƙwasa, jijiyar kuwa ta tsuke saboda jinin jikin ya yi ƙasa. Ya gwada sau uku zaren yana zamewa. Bugun zuciyar matar yana ta sauri yana ta rauni. Likitan tiyata ya matso taku ɗaya.

Duk wannan lokacin magana yake yi mata, ko da yake ba wanda ya tabbata tana ji. "Malama, ki tsaya tare da mu. Na leƙa 'yarki, gashi gare ta kamar an sa mata hula. Ban taɓa ganin jaririya da gashi haka ba. Sai kin gani da idonki."

A gwaji na huɗu zaren ya shige. Ya tura wasu 'yan ɓurɓushi masu kama da soso suka toshe bakin. Ya sake tura ruwan. Bishiyar ta fito, hayaƙin babu. Ya koma ɗaya ɓangaren ya yi haka. Uwar Ɗaki ta ce sai likitan tiyata ya cire safar hannunsa ya jefa a kwando.

Matar ba ta ga fuskarsa ba, ba ta kuma san an kai ta wannan ɗakin ba. Abin da ta gaya wa mijinta shi ne ta yi mafarki tana sauka wani dogon bene, ba tsoro ba gajiya, ƙasan yana da sanyi mai daɗi. Amma wani a bayanta ya dame ta da zancen gashin jaririya, ya ƙi yin shiru, har son ganin gashin ya sa ta juyo.

Bayan shekara goma sha ɗaya ta kawo surukarta a duba mata kumburin ƙafa. Tana zaune a baranda da 'ya'yanta uku, wani dattijo ya fito ya sunkuya ya ce da tsohuwar, "Sannu Mama, ina ƙafa?" Malamar ta miƙe zumbur, jakarta ta faɗi.

"Kai ne. Kai ne ka ce tana da gashi."

Shi bai gane ta ba. Uwar Ɗaki ce ta raɗa masa. Ya dubi babbar yarinyar, ya dubi ƙannenta biyu, ya daɗe yana kallon su biyun nan. Sannan ya ce, "To, ƙarya na yi?"

Tana dariya hawaye na zuba ta ce, "Kitsonta yini guda yake ci mana."

Kada mai karatu ya ɗauka kullum nasara ce. Na tambayi Uwar Ɗaki daga ina gaisuwar ina ƙafa ta samo asali, sai fuskarta ta canza. Ta ce wani direban babbar mota ne, mai ciwon sukari, aka kawo shi yatsunsa sun riga sun yi baƙi. Wata biyar yana ɓoye ciwon cikin takalmi don kada a karɓe motar daga hannunsa. Likita ya yi awa uku yana neman hanyar da jini zai bi ya sauka, duk wadda ya shiga sai ya tarar da ita a toshe. Da ya haƙura, bai aiki kowa ba. Ya cire rigar dalma, ya ja kujera kusa da kan direban, ya gaya masa da bakinsa cewa ya gaza, sai an yanke. Direban ya tambaye shi, da ya zo da wuri fa? Bai yi masa ƙarya ba. Bayan an yi aikin, kullum sai ya hau sama ɗakin da direban yake kwance ya zauna da shi, har aka sallame shi. Tun daga lokacin, duk wanda ya gamu da shi, mai gadi ne, mai sayar da jarida ne, sirikinsa ne, sai ya tambaye shi ƙafa. Mutane na ɗauka barkwanci ne. Uwar Ɗaki ta ce ta san mutum fiye da goma da wannan barkwancin ya kawo su kan lokaci.

Yadda ya bar aikin kuwa, uwargidansa ce ta gaya mini. Wata safiya yana juya shayi, ta ji cokali ya ɗan yi ƙara a jikin kofi, sau biyu, bayan ya daina juyawa. Ita ba ta ɗauke shi komai ba. Shi kuwa ya ajiye kofin ya zuba wa hannunsa ido. Ya ɗauki hutun mako guda. Kullum da safe sai ya karɓi allura da zare daga cikin kayan ɗinkinta, ya zauna a tsakar gida yana zurawa yana zarewa. Sau goma yakan shiga lafiya. Na sha ɗaya sai bakin zaren ya yi rawa. Ta ce masa, "Haba Malam, ni da tabarau ma sai na yi sau uku." Ya ce, "Ke in kin kuskure, riga ce."

Ya je aka duba shi, aka ce rawar hannun kaɗan ce, yana iya ƙara shekara biyu ko uku. Shugaban asibiti ya roƙe shi ya tsaya. Likitar da ya koya wa aikin, wadda ta shekara goma sha biyar a ƙarƙashinsa, ta same shi a ofis ranta a ɓace.

"Malam, ni fa ban ga komai ba. Jiya-jiyan nan na tsaya kusa da kai."

"Ni na ji shi. Jijiyar mara lafiya kuma za ta ji shi kafin ke ki gani."

"To ka rage aikin, ka riƙa yin masu sauƙi."

"'Yata, wanne ne mai sauƙi a wurin wanda ke kwance?"

Ranar ƙarshe aiki huɗu aka yi, duk ita ta yi su. Ya tsaya a bayanta, hannuwansa a harɗe ta baya, tun safe har la'asar. Uwar Ɗaki ta ce a aiki na uku zaren ya ɗan yi gardama, ta ga yatsunsa suna motsi a bayansa su kaɗai, suna murza abin da babu. Amma bai buɗe baki ba. Likitar ta samo hanyarta da kanta. Da aka kunna fitilu ya ce, "Madalla," ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, har mai goge ƙasa.

Likita, mun gode. Na gode a madadin gidanmu, da gidan malamar nan, da ɗaruruwan gidajen da ba su san ma kai ya kamata su gode wa ba. Gwani mai tafiya cikin duhu bai yi tuntuɓe ba, Allah ya ba ka ladan kowane taku da wani ya yi ta sanadinka.

Ku kuma masu tasowa, likitoci ne ku ko masu wata sana'a, ga abin koyi yana raye a cikinmu, ku je ku gaishe shi tun yana jin gaisuwar. Ku koyi aiki har ya zauna muku a yatsu. Ku faɗi gaskiya ranar da kuka gaza. In kuma lokacin sakin abu ya zo, ku sake shi tun mutane na roƙon ku riƙe.

Makon jiya na kai masa ziyara. Na same shi a tsakar gida, jikarsa 'yar shekara biyar tana koya masa zanen kyanwa. Layinsa ya ɗan karkace, ta yi tsaki irin na manya, ta ɗora ɗan hannunta a kan nasa ta ce, "Kaka, ka bari in riƙe maka." Ya bari.